FAGEN WASANNI: Don Garlits, Makaniken Da Ya Mai Da Inji Bayan Direba

A wannan mako filinmu zai ƙetare teku zuwa Amurka, domin mu kawo wa masu karatu labarin wani wasa wanda ba a saba jin sa a ƙasar nan ba, da na mutumin da 'yan wasan da kansu suka yarda shi ne ubansu. Wasan dai tseren motoci ne, amma ba irin wanda a ke wuni ana zagaya fili ba, ba kuma irin wanda a ke keta daji daga gari zuwa gari ba. Wannan na gajeren zango ne, Amurkawa na ce masa "drag". Motoci biyu tak a ke jerawa a kan miƙaƙƙiyar kwalta mai tsawon rubu'in mil, watau yadi 440. Da fitila ta nuna kore sai kowa ya taka totur. Wanda ya riga isa ya wuce zagaye na gaba, wanda aka tsere wa kuwa sai ya ɗora motarsa a tirela ya kama hanyar gida. Wanda ya yi gaggawa ya tashi tun kore bai kama ba, jar fitila ce za ta tona masa asiri, ya faɗi ke nan ko da shi ya fara isa. Duk wanda ya taɓa ganin mahaya biyu sun saki linzami a filin sukuwa ya san ɗanɗanon abin, sai dai a nan kafin mutum ya gyara tsayuwa an riga an gama.

Motocin babban aji, wanda a ke kira Top Fuel, ba su yi kama da motar da mu ke hawa ba ko kaɗan. Dogaye ne sirara kamar kwalekwale, da manyan tayoyi a baya da 'yan ƙanana a gaba. Ba fetur su ke sha ba, wani mai ne da a ke kira naitiro. Sirrin man nan shi ne yana ɗauke da rabon iskar da wuta ke bukata a cikin jikinsa, saboda haka inji na iya ƙona shi ninkin-ba-ninkin abin da zai ƙona na fetur. A bisa injin kuma akwai wata na'ura mai aikin zugazugin maƙera, wadda ke ɗura iska da mai cikinsa da ƙarfin tsiya. Ba su da lagireto, domin tafiyar ba ta kai a ce inji ya jira ruwa ya sanyaya shi ba. Birki kaɗai ba ya tsai da su, sai an saki laima irin ta sojan sama daga baya. Bayan kowane gudu kuma sai makanikai su kwance injin ɗungum, su duba fistin da fulogi da kuloci, su canza abin da ya ƙone, su mayar, duk cikin sa'a guda. Injin irin na zamanin nan an ƙiyasta ƙarfinsa ya kai na dawaki 11,000, motar kuwa takan wuce gudun mil 330 a awa cikin ƙasa da sakan huɗu.

To, idan da ƙidayar kambi kaɗai a ke auna gwarzo, da Don Garlits bai zama na fari ba. Babbar ƙungiyar wasan, watau NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951 don a raba samari da tsere a kan titunan gari, sau uku kacal Garlits ya zama zakaranta na shekara: 1975 da 1985 da 1986. Tony Schumacher ya ci wannan kambi sau takwas, John Force kuma sau goma sha shida a wani ajin motoci dabam. Amma duk da haka, sa'ad da ƙungiyar ta cika shekara hamsin a 2001, aka zauna aka jera direbobi hamsin mafiya girma a tarihinta, Garlits aka sa a gaba, Force na biye da shi, alhali kuwa a lokacin Force ya riga ya ci kambin sau goma. A ganina masu zaɓen ba su yi son kai ba, kuma dalilin yana cikin abin da ya faru ran 8 ga Maris 1970. Amma kafin mu kai can sai mun san daga inda mutumin ya fito.

An haifi Donald Glenn Garlits ran 14 ga Janairu 1932 a birnin Tampa, jihar Fulorida, a gidan da ba su da wani abin hannu. Da aikin gyaran mota ya fara neman abinci. A 1954 ya haɗa motar tserensa ta fari a gindin bishiya a gidansa, da gangar wata tsohuwar Ford ƙirar 1927 da tarkacen da ya tsinto nan da can, shi ne mai walda, shi ne makanike, shi ne direba. A tsofaffin filayen jirgin sama da soja suka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu su ke yin tserensu, kamar na Zephyrhills. A 1955 ma'aikatan NHRA suka zo Fulorida da gasarsu ta yawo, shi kuwa ya ci. Daga nan ya gane amfanin injin Hemi na kamfanin Chrysler, ya ɗora shi a kan ƙashin wata tsohuwar Chevrolet, a watan Nuwamba 1957 kuma ya yi gudun mil 176 a awa a Brooksville, abin da ba wanda ya taɓa yi a wasan.

Mutanen Kalifoniya ba su yarda ba. A can wasan ya tsiro, a kan busassun tafkunan hamada, a can manyan maƙeran motoci da mujallu su ke, saboda haka da suka ji wai wani yaro daga fadamun Fulorida ya tsere musu, sai suka ce agogon ƙauye ne ya yi ƙarya. Suka yi ta yi masa ba'a, har aka laƙaba masa Swamp Rat, ma'ana ɓeran fadama. Shi kuwa maimakon ya yi fushi, sai ya karɓi zagin ya rubuta a jikin motarsa, tun daga nan kowace mota ya ƙera sunanta ke nan, sai dai a ƙara mata lamba. A watan Maris 1959 aka biya shi kuɗi ya zo babbar gasar Bakersfield don a ga ƙaryarsa, aka kuwa ka da shi, jama'a suka yi ta shewa. Amma idonsa ya ga abin da ya kashe shi, domin motocin Kalifoniya na da zugazugin nan da muka ambata, tasa ba ta da shi. Ya saya ya ɗaura, bai bar yammacin ƙasar ba sai da ya rama.

Zugazugin nan kuwa ya kusa zama ajalinsa. A watan Yuni na shekarar, a garin Chester na jihar Karolina ta Kudu, abin ya fashe yana tsakiyar gudu, wuta ta taso masa a fuska. Hannuwansa da fuskarsa suka ƙone ƙwarai, rigar fata da matarsa Pat ta ba shi ita ce ta kare sauran jikinsa. Ya ajiye tuƙi na ɗan lokaci, ya ba abokinsa na ƙuruciya Art Malone motar, amma bai daɗe ba ya koma.

A nan ya kamata mai karatu ya san yadda motar wancan zamani ta ke, in ba haka ba ba zai gane sauran labarin ba. Babbar matsalar wannan tsere ita ce tayoyin baya su kama kwalta maimakon su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi. Dabarar da aka samu ita ce a tura nauyi baya iyakar iyawa, saboda haka aka zaunar da direba can ƙurya, a bayan tayoyin baya, kamar dutse a cikin majajjawa, sunan da Amurkawan suka ba wannan ƙira ke nan ma a harshensu. Injin yana gabansa daf da fuskarsa, kuloci da giya suna tsakanin ƙafafunsa, ƙarfen da ke juya tayoyi kuwa a ƙarƙashin cinyoyinsa ya ke. Watau duk abin da zai fashe, ko ya yi aman mai, ko ya kama wuta, yana gaban mutum, iska kuma na koro shi kansa da gudun mil ɗari biyu. Kowa ya san haɗarin. A 1969 John Mulligan, ɗaya daga cikin gwanayen lokacin, ya ƙone a babbar gasar Indiyanafolis, ya rasu bayan 'yan makonni. Aka yi jana'iza, aka koma cikin motocin yadda su ke, domin su ne ke cin tsere.

A cikin irin wannan mota Garlits ya yi sunansa. A watan Agusta 1964 ya yi gudun mil 201.34 a awa a jihar New Jersey, shi ne na fari da NHRA ta rubuta wa mil ɗari biyu a littafinta. Gaskiya ne tun a 1960 agogo ya nuna wa Chris Karamesines mil 204 a jihar Illinois, kuma magoya bayansa ba su daina gardama a kai ba, amma ƙa'idar wasan ita ce sai mutum ya maimaita gudu kusa da na farko kafin a karɓa, shi kuwa bai maimaita ba. A shekarar ta 1964 Garlits ya ci gasar Indiyanafolis, wadda ita ce sallar 'yan wasan, ya sake ci a 1967 da 1968. Ta 1967 ce mutane suka fi tunawa. Shekarar ba ta yi masa kyau ba, abokan hamayyarsa da dama sun sauko ƙasa da sakan bakwai shi bai sauko ba, sai ya rantse ba zai aske gemu ba sai ya yi. A zagayen ƙarshe ya yi sakan 6.77, ya ci kofin, ya dawo wurin tashi ya aske gemun nan a gaban dubban 'yan kallo. Wajen iya jan hankalin jama'a ma ba baya ba ne, laƙabinsa na Big Daddy, watau babban uba, tun a shekarun nan ya bi shi.

Ran 8 ga Maris 1970 yana filin Lions a Long Beach, jihar Kalifoniya, a zagayen ƙarshe, cikin Swamp Rat ta 13. Ya ɗaura mata wata sabuwar giya mai hawa biyu da ya ke gwadawa. Kore na kamawa ya taka, giyar ta tarwatse. Ƙarfin fashewar ya raba motar gida biyu, gaba ya yi nasa wuri, kujerar direba ta wuntsila da shi a ciki, rabin tafin ƙafarsa ta dama ya tafi. Wani ɗan kallo ma ɓaraguzan ƙarfe sun ji masa mummunan rauni. Garlits na da shekara 38, yana da mata da 'ya'ya, ya riga ya ci duk abin da a ke ci. Da ya ce ya bari, ba mai ganin laifinsa.

Makonnin da ya yi a gadon asibiti, zane ya yi ta yi. Tambayar da ya sa a gaba mai sauƙi ce: me zai hana a zaunar da direba a gaba, a mai da inji da giya da duk masifarsu bayansa? Ba shi ya fara wannan tunani ba, kuma bai kamata a ba shi abin da ba nasa ba. An yi ta gwadawa tun shekarun 1950, sai dai kusan duk motar da aka ƙera haka ba ta tafiya sak, da ta ɗauki gudu sai ta karkace. Watanni uku kacal kafin haɗarinsa, a wannan fili na Lions, Pat Foster ya yi mummunan karo a cikin irinta. Saboda haka masana suka yanke cewa ƙirar ce ba ta da kyau, wanda ya shige ta ya sayi likkafaninsa.

Ya koma Fulorida, shi da abokan aikinsa biyu, Connie Swingle da T.C. Lemons, suka ƙera Swamp Rat ta 14. Ita ma da fari halin 'yan'uwanta ta nuna. Duk gwajin da suka yi a ƙarshen 1970, da ta yi nisa sai ta nemi barin hanya, har suka kusa fid da rai. Ashe laifin ba na wurin zaman inji ba ne, na sitiyari ne. Direban da ke zaune can baya yana hango dogon hancin motarsa, yana ganin karkatarta tun da wuri, saboda haka sitiyari mai saurin amsawa ya dace da shi. Wanda ke zaune a gaba kuwa ba shi da wannan ma'auni, ɗan motsin hannu kaɗan sai ya zarce, garin gyara ya ɓata. Da suka rage wa sitiyarin kaifi, ya zama sai an juya da yawa kafin taya ta juya kaɗan, sai mota ta miƙe sak kamar an ja zare. Abin da ya gagari mutane shekara goma sha biyar, ashe 'yan haƙoran ƙarfe ne a cikin akwatin sitiyari. Irin wannan ganowa sai wanda ya haɗa tuƙi da riƙon sifana, domin injiniyan da bai taɓa zama a kujerar ba ba zai ji abin a hannunsa ba, direban da bai san ƙarfe ba kuma ba zai san inda zai taɓa ba.

A watan Janairu 1971 ya kawo ta Kalifoniya, filin farko da ya sauke ta kuwa shi ne Lions, inda ya bar rabin ƙafarsa. Mutane suka kewaye ta suna dariya. Ta kai zagayen ƙarshe a nan, ta sake kaiwa a gasa ta biye, sa'an nan a watan Fabrairu ta ci babbar gasar NHRA ta Pomona, a Maris ta ci Bakersfield. Dariya ta ƙare. Da ma 'yan tsere ba wa'azin kiyaye rai ne zai sa su canza mota ba, sai sun ga ana tsere musu, Garlits kuwa ya ba su dalilan biyu a haɗe. Kafin shekara biyu majajjawa ta ɓace daga babban aji, kuma tun daga lokacin duk motar Top Fuel injinta a baya ya ke. Ba a ce mutuwa ta ƙare a wasan ba. Blaine Johnson ya rasu a 1996, Darrell Russell a 2004, dukansu a motoci masu inji a baya, kuma bayan rasuwar Scott Kalitta a 2008, a ajin da ya ci gaba da sa inji a gaba, aka rage zangon manyan motoci daga ƙafa 1,320 zuwa 1,000. Amma direbobi nawa ne injinsu ya tarwatse ya zama ƙwallon wuta, suka fito suna kakkaɓe riga, don wutar a bayansu ta tashi? Wannan ba ya ƙidayuwa, kuma ba a ba da kofi a kansa.

Mutumin ba mai sauƙin zama ba ne, kada a ɗauka waliyyi mu ke yabo. Taurin kansa ya taɓa jawo masa asara a bainar jama'a. A Indiyanafolis a 1971 motarsa ta fi ta kowa gudu nesa ba kusa ba, amma a zagayen ƙarshe shi da Steve Carbone kowa ya ƙi fara shiga layin tashi, suka tsaya ana kallon-kallo injuna na ruri. Nasa injin ya yi zafi fiye da kima, da aka tashi tayoyinsa suka yi hayaƙi, Carbone ya wuce. A 1972 kuma ya ja daga da NHRA a kan ƙarancin kuɗin da a ke ba direbobi, ya shirya tasa gasar a Tulsa a ranakun da a ke yin ta Indiyanafolis, manyan direbobi da dama suka bi shi. Wannan rigima da yawan tserensa a ƙarƙashin wasu ƙungiyoyi na cikin abin da ya sa kambinsa na NHRA bai wuce uku ba, ko da ya ke in an haɗa da goma na AHRA da huɗu na IHRA sun zama 17, manyan gasannin da ya ci kuma 144. Haka nan ya yi shekaru yana cacar baki da Shirley Muldowney, macen da ta ci kambin Top Fuel a 1977 da 1980 da 1982, alhali shi ne ɗaya daga cikin direbobi uku da suka sa hannu a takardar izninta ta shiga ajin a 1973. A 1994 har takarar Majalisar Wakilai ya tsaya a Fulorida, masu ƙuri'a suka nuna masa fagen ba nasa ba ne.

A 1975 ya kai mil 250.69 cikin sakan 5.63 a filin Ontario na Kalifoniya, lokacin da aka yi shekaru ba a karya ba. Daga nan tauraronsa ya ɗan dusashe, har aka fara cewa tsufa ya zo. A 1984 Art Malone, abokin nan da ya riƙe masa mota a 1959, ya zuba kuɗi ya ce su koma Indiyanafolis. Suka je da tsohuwar mota, suka ci. Ya sake ci a 1985 da 1986, ya cika takwas ke nan a wannan gasa. Motarsa ta 1986, Swamp Rat ta 30, ita ma sabon abu ce, da rufaffen hanci da murfi a kan direba kamar jirgin yaƙi, da ita ya fara wuce mil 270, ya yi 272.56 a Gainesville, watau kilomita 438 a awa, yana da shekara 54. A wannan shekara a Englishtown iska ta shiga ƙarƙashinta, ta miƙe tsaye a kan tayoyin baya, ta juya ta dawo ƙasa tana fuskantar inda ta fito, ya fita lafiya. Da irin haka ta sake faruwa a Spokane a 1987 ya ji ciwo, sai ya sauka. A shekarar ne gidan tarihi na Smithsonian da ke Washinton ya karɓi Swamp Rat ta 30 ya ajiye cikin kayan tarihin ƙasa. Shi ma ya buɗe nasa gidan tarihin wasan a Ocala, jihar Fulorida, a 1984, inda ya tara motocinsa da na abokan hamayyarsa.

Saukar tasa ba ta zama ta dindindin ba. Ya dawo a 1992, sai fizgar laimar tsayawa ta ɓamɓare masa tantanin cikin ido, likitoci suka hana shi. A 2001 ya ari motar Gary Clapshaw a Indiyanafolis don abu guda da ya rage masa, ya yi mil 303.37 cikin sakan 4.72, yana da shekara 69. Da ya haura tamanin kuma sai ya juya ga motar lantarki, wadda ba ta da naitiro ba ta da ruri, ya ce yana so ya zama na fari da zai kai ta mil ɗari biyu kamar yadda ya yi da ta mai shekara hamsin baya. A 2014 ya yi mil 184 da Swamp Rat ta 37, a 2019 ya yi 189 da ta 38, yana da shekara 87. A watan Mayu 2020 wani direba mai suna Steve Huff ya yi mil 201 a Tucson, jihar Arizona, ya riga shi.